Fuskata a Shagon Abu

Ko komai ya fita daga kaina, ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗan Yaya Sulemana ba, ranar da na miƙe gaban surukaina na tona wa kaina asiri da bakina.

Ni mai aski ne, shagona na cikin Zongo, nan Kumasi. Abin da ya bambanta ni da sauran masu aski wani ɗan akwati ne, bai fi sandar sabulu ba, da ƙanena Razak ya haɗa min kafin ya koma Jamus. Ana jona shi da talabijin. A ciki akwai tsofaffin wasannin gem da muke satar jiki daga makaranta mu je yi muna yara. Razak ya sha wahala a kansa, ya jera wasannin yadda nake so, ya daidaita maɓallai, har ya sa da an kunna sai hotona ya cika talabijin, ina riƙe da injin aski ina washe baki. Duk wannan aikin yana cikin katin memori ɗaya, ƙarami kamar farce. Magidanta masu furfura su zo aski, su manta abin da ya kawo su.

Wata rana Razak ya kira ni ya ce, "Yaya, katin nan mutuwa yake yi fa, ballantana da wutarku ta dumso, a kawo a ɗauke. Ka yi masa kwafi ka ajiye."

Na sayi sababbin kati biyu, wurin mutane biyu daban (ban yarda da ko ɗayansu ba, na ce in ɗaya jabu ne ɗaya zai yi). Na hau torotoro, motar hayar nan tamu, zuwa unguwar Tafo, wurin Yaya Sulemana, yayan matata Hawa, mai gyaran kwamfuta. Ya ce, "Masta, wannan ba kamar tura waƙa ba ne. Sai na ɗauki katin ɗungurungum na sauke a kwamfutata, sannan na zuba shi a sabon. In ba haka ba akwatin ba zai tashi ba."

Wannan "a kwamfutata" ita ta tsaya min a wuya. Na ja kujera na zauna a bayansa, numfashina a ƙeyarsa. Da aka gama ya ce ko ya bar ɗaya a wurinsa saboda tsaro. Na ce a'a, ya goge, ina kallo. Ya goge. Na ce ya sake gogewa. Ya dube ni ta saman tabarau, ya sake gogewa. Na dawo na ɓoye kwafin a gwangwanin madara a ƙarƙashin gado, katin da ba a taɓa ba kuma na jefa shi a durowar shago.

To, akwai Abu. A hannuna ya koyi aski, ya girma, ya yi aure, ya buɗe nasa shagon daidai tsallaken titi. Tun daga lokacin gaisuwarmu ta zama ta ɗaga hannu. Ya sayi irin akwatina ma, amma nasa fanko ne, ba mai zama.

Wata safiya ina share ƙofar shago, na ɗaga kai, sai na ga kaina. Wallahi, ni ɗin nan, da injina da haƙorana, a talabijin ɗin Abu, mutane sun kewaye. Na ruga na duba akwatina, kati na nan. Na aika Hawa ta leƙa gwangwani, kati na nan. To saura wa? Mutum ɗaya ne ya taɓa sauke shi a kwamfuta.

Daga ranar na zama ɗan sandan ciki. Abu ya hango ni ya dafa ƙirji ya rusuna, na ce ba'a yake min. Ya tsallako zai yi magana, na shige banɗaki na ƙi fitowa. Ya aiko min da koko da ƙosai, na ce wato bayan sata har da sammu, na ba kajin maƙwabta (kuma na tsaya na ga ko za su faɗi, ba su faɗi ba, har suka dawo neman ƙari). Na ga Yaya Sulemana da sabon takalmi a masallacin Juma'a, na ce to, ga inda gumina ya tafi. Hawa ta ce, "Maigida, ka tambaye shi mana tsakaninku." Na ce ɓarawo ba a tambayarsa a ɗaki.

Sai ga sunan ɗan Yaya Sulemana a unguwar Buokrom, gidan surukaina. An kafa rumfa, an yi addu'a, an raba goro, mahaifin Hawa na zaune a gaba tare da dattawan unguwa. Ana shirin kawo shinkafa da naman rago na miƙe na yi gyaran murya.

"Baba, a gafarce ni, ina da magana. Amana na ba wani a gidan nan, ya sayar da ita."

Na zayyano komai, har da takalmin. Yaya Sulemana ya cire tabarau ya ce, "Ni? Masta, ni kake nufi?" Na ce wanda ya tsargu shi ya sani. Baba ya tambaya ko wanda aka sayar wa yana kusa. Ashe Abu yana nan a baya, shi aka kira ya yi wa jariri aski (wani abin da ya ƙara min haushi ke nan).

Abu ya taso yana goge hannu, ya durƙusa ya ce, "Ei, Masta! Ai kai ka ba ni."

Na ce, "Ni?"

"Ranar da na zo aron memori zan ɗauki hotunan auren ƙanwata. Kana yi wa wani Alhaji gyaran gemu, ka buɗe durowa ka miƙo min, ka ce in riƙe, ka bar min. Waya ta ƙi karɓar shi, na gwada a akwatina, sai ga fuskarka. Na ce Allahu Akbar, Masta ya huce, ya ba ni abin da ba ya ba kowa. Shi ya sa ban cire hoton ba kuraa, ko da wasa. Duk wanda ya shigo ina ce masa ga ubangidana."

Na tuna ranar sarai. Na tuna gemun Alhajin. Na tuna ma daɗin da na ji na rabu da Abu da katin banza. Wato tun a torotoro katunan suka cakuɗe a aljihuna, iri ɗaya ne sak. Kwafin na miƙa masa da hannuna, fankon kuma shi nake gadi a ƙarƙashin gado kamar zinari.

Wani dattijo ya fara dariya ya mayar da ita tari. Daga ɓangaren mata na ji an ce, "Mijin Hawa ne fa." Yaya Sulemana ya mayar da tabarau a hankali ya ce, "Takalmin, matata ce ta saya min." Baba kuwa cewa ya yi kawai, "Zauna, ɗana." Na zauna. Shinkafar ta zo, ko loma ban kai baki ba.

Washegari na ɗauki goro da Hawa a matsayin garkuwa, muka tafi Tafo. Yaya Sulemana ya bar ni na yi ban haƙuri har muryata ta dushe, sannan ya karɓi katunan ya sake yin kwafin. Ya kawo jan fenti ya ɗiga a kan sabon, ya ce, "Mai jan shi ne mai kaya. Ko in rubuta maka a goshi?" Abu kuma na tsallaka na same shi, na ce kyautar tana nan yadda ya ɗauka.

Abin da na koya bai da yawa. In zuciya ta ce maka ga ɓarawo, fara laluben aljihunka. In kuma ka rantse sai ka yi jawabi gaban surukai, to ka bari a ci naman tukuna, ko banza ka koma gida da ciki a cike.