Sumar da na tara wa kirifto

Muna hutun rana a bakin kamfanin robarmu na Sharada, Malam Sabo direba ya nuna mana kuɗin kirifto da yake ajiya a wayarsa. Ni kuwa kwana biyu ke nan da sayen wani sabo mai gogayya da nasa, don haka na riga na zama gwani.

Na ce, "Malam Sabo, naku ya tsufa. Wallahi ba zan sake aski ba sai nawa ya wuce naku tsada."

Ya ce, "Allah ya ba da sa'a," ya ci gaba da cin gurasarsa.

Wata huɗu ina duba waya. Nasa dala ɗaya, nawa dala ɗaya. Suma ta taru har hular aiki ta ƙi shiga. Sai da matata ta yi min tayin kitso, Malam Sabo ya tausaya ya gaya min duka biyun a ɗaure suke da dala, an yi su ne don kullum su tsaya a dala ɗaya. Gogayyar tasu a kan masu saye ce kawai, farashi ba ya motsi.

Na yi azumi uku na kaffara, na tafi aski. Har yau in na shigo aiki sai a ce, "Dala Ɗaya, a kira wanzami ko a jira kasuwa?"