Tuwon Bakin Dam

Wani ne a Gwarzo, irin mutanen nan da in suka leƙa birni sau ɗaya sai garinsu ya shiga uku. Matarsa Badi'a tuwo take sayarwa a bakin tasha, gindin wata darbejiya. Tuwon masara, miyar kuka, man shanu yana ninƙaya a kai. Kafin la'asar an kankare tukunya. Shi kuwa aikinsa a wurin bai wuce zama a benci yana koya wa direbobi tuƙi ba, alhali ko keke bai iya ba.

Wata rana ya bi motar masara zuwa Abuja. Can wani ɗan garinsu ya kai shi wurin cin abinci a bakin ruwa. Ya ga manyan mutane zaune ƙarƙashin lema, an ajiye musu 'yar shinkafar da ko kaza za ta raina, suna tsakura, suna kallon ruwa, suna murmushi. Gogan naka ya ƙura musu ido. Ya ce a ransa yau ya gano asirin duniya.

Yana dawowa gida, ko takalmi bai cire ba ya ce, "Badi'a, ashe duk shekarun nan wahalar banza kike yi."

Ta ce, "Sannu da zuwa dai, Malam."

"Ba abinci mutane ke ci ba, wuri suke ci. Ke kin maƙale gindin bishiya, hayaƙin mota na shiga miya, ga mai faci a gefe yana ƙwanƙwasa. Wannan ai ba cin abinci ba ne, cika ciki ne."

"To ba cika cikin suke zuwa yi ba?"

"Kin ji ƙauyancin, ko?"

Haka ya sa ta gaba, safe da yamma, sai sun koma bakin wani dam can wajen Kabo. Da ta gaji ta yarda, amma da sharaɗi. Akwai wani Alhaji Haladu, dillalin hatsi, ƙaton mutum ne wanda in ya hau babur sai a tausaya wa babur ɗin. Tun tana amarya yake cin tuwonta, bai taɓa fashi ba. Ta ce, "Malam, ka ji da kyau. Ranar da Alhaji Haladu ya ce ya daina zuwa, ranar zan kwashe tukwanena in koma tasha, kuma bakinka ya fita daga sana'ata har abada."

Ya ce, "Ai daga Kano ma za a riƙa zuwa."

Ƙarshen damina ne, dam ya cika fal. Gogan ya jera kujerun roba, ya kafa lema, ya sa aka zana masa allo da hoton kifi. Kifin dai duk wanda ya gani tunkiya yake cewa. Badi'a ta kafa murhu a gefe. Da farko jama'a sun zo, don ɗan Adam ba ya ƙin kallo. Wani direba, Tasi'u, ya ja kujera ya ba ruwa baya, ya naɗe hannun riga.

Gogan ya taso da gudu. "Juya! Juya, malam!"

"Rana ce ke dukan idona."

"Ita ma cikin tsarin take. Nan loma ɗaya ake yi, a kalli ruwa, a yi ajiyar zuciya, sannan a ƙara."

Tasi'u ya ce, "Ni fa fasinja na bari a mota."

"Su ma ka kirawo su su kalla."

Abin da mutumin naku bai sani ba, wanda ko jaririn Kabo ya sani, shi ne dam ba ya zama wuri ɗaya. Damina na wucewa yake fara ja da baya, manoman rani na bin sawunsa da albasa da tumatir. Wata safiya gogan ya zo ya tarar ruwa ya yi nisa, ga wani manomi, Sagiru, yana ja masa kunyar shuka a gaban tebur.

Ya ce, "Kai! Wa ya ɗauke mini ruwa?"

Sagiru ya ce, "Ai duk shekara haka yake yi."

"Bai san an buɗe wuri ba ne?"

"Ka bi shi ka gaya masa."

Ai kuwa ya bi shi. Ya kinkimi tebur da kujeru da lema ya kai bakin ruwa. Ya dawo ya ce wa Badi'a ta taso. Ta ce murhunta ba shi da ƙafa. Sai ya zama ita tana nan tana tuƙi, shi yana ɗaukar tire a ka yana ratsa gonakin mutane. Ruwa ya matsa, shi ma ya matsa. Ruwa ya ƙara matsawa, shi ma ya ƙara. Tuwon da ya bar tukunya yana tururi, kafin ya isa tebur ya zama abin jifan kare. Man shanu ya daskare a kan miya, sai an fasa shi da yatsa.

Tasi'u ya ce masa, "Wallahi jiya na ci na ƙoshi. Kafin in tako in dawo mota, yunwar ta riga ni zuwa."

Ran nan kuma garken shanu suka gangaro shan ruwa ta tsakanin kujeru. Wani bijimi ya tsaya ya tsoma baki a miyar Tasi'u, ya ɗago, ya yi atishawa, ya wuce.

Gogan ya ce, "Ka ga wannan? A Abuja sai ka bi layi kafin a nuna maka dabba kusa haka."

Tasi'u ya tashi ya kakkaɓe riga. "Ka gai da Abujan."

Daga shi sai sauran suka bi, ɗaya bayan ɗaya. Ya rage saura Alhaji Haladu. Shi ma ba ruwan yake zuwa gani ba, kunyar Badi'a yake ji. Yana zuwa yana haki, yana tafiya yana tsaki.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, sai ga Alhaji da babbar riga fara ƙal, ta sha sitati, tare da wani baƙonsa daga kasuwar Dawanau, siriri kamar sillen kara. Gogan ya ce yau ce ranar da zai rufe bakin kowa. Ya ɗauki tebur ya kai har inda ruwa ke lasar ƙasa. Wurin a ido lafiya lau, sama ta yi ɓawo. Ƙasansa kuwa kunu ne.

"Bismillah, Alhaji. Nan ne wurin manya."

Suka zauna, aka wanke hannu, aka fara. Baƙo yana nan daram inda aka ajiye shi. Alhaji kuwa, a loma ta farko tebur yana daidai cibiyarsa. Jim kaɗan ya kai ƙirji.

Alhaji ya ce, "Kai, wannan tebur naka girma yake yi?"

Gogan ya leƙa ya ga ƙafafun kujera sun ɓace. Ya ce, "Haka na Abuja suke, ranka ya daɗe. Ka dai kalli ruwa."

Baƙo ya ce, "Alhaji, kamar fa gajarta kake yi."

"Ci abincinka."

Aka ci gaba. Tebur ya kai haɓa. Alhaji ya koma miƙa hannu sama yana lalubo tuwo kamar mai ɗauko kaya a kan kantar shago. Da ya ji sanyi ya kama masa ƙugu sai ya yunƙura zai tashi. Yunƙurin nan shi ya ƙarasa aikin. Laka ta haɗiye kujera, ta haɗiye Alhaji har ciki, babbar riga ta baje a kai kamar an shanya ta.

"Innalillahi! Ku cire ni! Kai, ɗan banza, cire ni!"

"Alhaji, kar ka motsa, za ka zubar da miya."

Baƙo ya kwarma ihu. Sagiru da sauran manoma suka yar da fartanyoyi suka sheƙo. Aka ja hannu, Alhaji bai motsa ba. Aka ƙaro mutane, ko gezau. Daga ƙarshe sai da aka kawo shanun huɗa, aka zagaya masa igiya ta hammata, aka ce "Haa!" Shanu suka ja, laka ta ja. Shanu suka ƙara ja, tazuge ya tsinke. Sai ji aka yi ɓuut, Alhaji ya fito yana jan ciki, baƙi ƙirin tun daga ƙirji har ƙasa, ba takalmi, ba hula, babbar riga ce kaɗai ta rufa masa asiri.

Aka tallabe shi har bakin murhu. Jama'a sun cika, kowa na cewa sannu yana cije leɓe. Badi'a ta miƙe. Ta kashe wuta, ta kira mai amalanke, ta fara ɗora tukwane.

Gogan ya ga abin ya zo wuya. Ya durƙusa gaban Alhaji, ya kama gefen rigar da ke ɗigar laka.

"Alhaji, ka rufa mini asiri. Bakinka kawai take jira. Don girman Allah ka ce za ka dawo, ta ji da kunnenta."

Alhaji ya dube shi tun daga sama har ƙasa. Ya tofar da wata 'yar laka. Ya ce, "Zan dawo mana."

Gogan ya yi tsalle. "Badi'a, kin ji! Sauke tukwane! Yaushe, Alhaji? Gobe?"

"Ranar da ƙasar nan ta bushe ka aiko mini, in zo da masu haƙar rijiya mu tono wandona."