Rasuwar Mai Haƙora, Tayar Baya ta Dama

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da takalmi mai cike da laka, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Mai Haƙora, tayar baya ta dama a taraktarmu, wadda ajali ya riska jiya da hantsi a tsakiyar hawan bayan gidanmu.

Marigayiya ta shekara tara tana cizon ƙasa. Ba ta taɓa ƙorafi ba, sai dai "ƙiii, ƙiii" idan an yi mata lodin rashin imani. Ƙusa uku ta haɗiye a rayuwarta, ba ta gaya wa kowa ba.

Sanadin ajalinta shi ne kwazazzabon da ke cin ƙasa, har saura taku biyar ya kai ɗakin Inna. Muka shiga jigilar duwatsu don mu tare shi kafin damina ta kankama. To, tsufa ya cinye haƙoran marigayiya, in ta zo hawan sai ta yi ta juyi wuri ɗaya tana mana feshin laka. Mai faci ya ce a ɗura mata ruwa ta yi nauyi ta kama ƙasa, amma a bar wa iska wuri. Ni kuwa, sarkin iyawa, na ce ai alheri ba ya yawa. Na ɗura mata har wuya, na kuma ɗora Kawu a samanta, mutumin da shi kaɗai ke cika benci.

Kai jama'a! Ranar nan sai marigayiya ta koma budurwa. Sawu shida ta haye kamar wasa, Kawu na ɗaga wa mutane hannu. A na bakwai ta taka wani dutse mai tsini, ga ciki babu iskar da za ta sassauta mata. Kalmarta ta ƙarshe ita ce "bum!", sannan ta yi wa Kawu wankan da bai nema ba. Ni na kashe ta, kuma wallahi kunya ta ishe ni.

Ta bar 'yar'uwarta ta hagu, da ƙanne biyu a gaba, da tirela maƙare da duwatsu a tsakiyar hanya.

Za a kai ta makwancinta gobe da safe a bakin kwazazzabon, cikinta cike da tsakuwa, ta ci gaba da gadin ɗakin Inna. Ana karɓar gaisuwa a gindin tirela. Hadari ya haɗo, don haka banda dogon kuka: kowane mai ta'aziyya ya ɗauki dutse ɗaya ya bi gawa. Wanda ya yi kisan kuwa, Inna ta yanke masa hukuncin ɗaukar biyu-biyu.