Ramin da Malam Ari Ya Ƙara

Jiya na wuni a layin mai, a ƙasar nan tamu da aka ce arzikin mai ya ishe mu har mun rasa inda za mu zuba shi. Da layi ya iso kaina sai mai famfo ya rataye tiyo, ya ce a yi haƙuri. Na yi haƙurin, tunda shi kaɗai ake rabawa ba layi. Na turo Besfata har Fagge ina zufa, sai na tarar da abokina Nwabueze zaune a dakalin gidana, ya ɗaga wani kati yana leƙen rana ta cikinsa.

Nwabueze haifaffen Sabon Gari ne, da can gyaran tafireta yake yi a kusa da tashar jirgin ƙasa. Da ya ji wata babbar ma'aikata, wadda ba zan kama sunanta ba don ina son lafiyata, ta sayo kwamfuta, injin nan mai ƙwaƙwalwa, sai ya rufe shago. Ya samo wani littafi mai kauri kamar matashin kai, ya duƙufa koyon yaren inji da ake kira Faskal. Injin kansa bai taɓa gani ba, a takarda ya koya, kamar mai koyon tuƙi a kan turmi. Aka ɗauke shi aikin gwaji bisa sharaɗi guda: ranar bikin buɗewa injin ya yi magana, in ba haka ba kujerar ta zama ta wani.

Na ce, "Lafiya kake duban rana, ko ido za ka gwada?"

Ya ce, "Malam, sun kashe min tafinta."

Na yi salati, na fara tambayar yaushe za a kai shi. Ya ce ba mutum ba ne. Wai injin ba ya jin Faskal kai tsaye, sai an fara ɗura masa wani abu, kwamfaila, mai juya masa magana. Kuma wannan tafinta akwai tsantseni. In ka ce masa wannan gurbi na lamba ne, to ba ka isa ka cusa suna a ciki ba. Komai sai ka faɗi irinsa tun farko.

Na ce, "Ko ɗan ƙanwar mai gida ne?"

"Ko mai gidan ne da kansa."

Nan na gane wannan tafinta ba zai yi tsawon rai a aikin gwamnati ba. Mu da muka saba a kwana ana direba a wayi gari ana injiniya?

Tafintan dai a akwatuna ya iso daga ƙasar waje, katuna ne jibgi guda, kowanne da 'yan ramuka. Ramukan nan su ne rubutun, su inji ke karantawa. To amma a ma'aikatar akwai doka tun ta zamanin Turawa: duk takardar da ta shigo sai ta bi ta rajista, a buga mata hatimi, a huda ta a kusurwa, a zura koren zare. Shugaban rajista, Malam Ari, mutum ne mai riƙon amana, Allah ya sani. Ya hana ma'aikatansa hutun Asabar, suka bi katunan nan ɗaya bayan ɗaya suka huda, suka ɗaure su dami-dami tsaf.

Nwabueze ya ce da ya gani sai da ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Baba, me ka yi haka?"

Malam Ari ya ce, "Kai ɗan nan, abin da ya zo da rami ya fi a ƙirga, ɗaya ne zai dame shi? Nawa ma ya fi nasu kyau, zagayayye ne."

Ranar biki babban baƙo, Ranka-ya-daɗe Uban Almakashi, ya iso da jerin Marsandi, ya yanke kyalle, ya yi jawabi cewa daga yau mun bar Turai a baya. Aka tafa. Nwabueze ya zuba katuna. Inji ya haɗiyi na farko, ya yi shiru, ya kunna jar fitila, ya ƙi na biyu. Aka sake tafawa, don an ɗauka fitilar ce aikin.

Sai da aka ci kaji aka sha lemo sannan Ranka-ya-daɗe ya tambaya ina maganar da aka ce injin zai yi. Aka kafa kwamiti nan take. Kwamiti ya zauna a otal, ya gano cewa rajista ta bi doka sau da ƙafa, saboda haka aka yaba wa Malam Ari. Ya gano kuma kujerar Nwabueze ta fi dacewa da wani yaro mai ladabi da ya karanta kiwon kaji. Shi kuwa Nwabueze, tunda an lura ba shi da zance sai na rami, an tausaya masa ba a kore shi ba. An mai da shi rajista, an danƙa masa abin huda takarda.

Wallahi abin ya ba ni dariya, ya kuma ba ni takaici, don na ga yadda mutumin nan ya rame a kan littafin can. Na ce ya koma shagonsa mana. Ya ce ai mai sayar da taya ya riga ya kama wurin. Yanzu kullum yana huda, sai dai kafin ya danna sai ya juya takarda ya nemi inda babu rubutu, har Malam Ari ya fara ƙorafin yana da nawa wajen aiki.

Injin kuwa yana nan a ɗaki mai sanyi, an lulluɓe shi da farin yadi. Bai taɓa aiki ba, bai taɓa kuskure ba, bai taɓa musu da na gaba da shi ba. Da irin wannan hali, ina kyautata zaton baɗi za a yi masa ƙarin girma.