Ranar da Rediyon Gwamnati Ya Rama

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gaida surukaina a Madawa ba, ko da yake Allah ya sani na yi ƙoƙarin mantawa. Lokacin ina sabon mushe, wato malamin lakwal, makarantar boko, a Deule. Ina da ɗan babur mobilet ja, da wando mai faɗin ƙafa, da baki wanda ba shi da birki. Ɗan bokon da na yi ya hau mini kai, ina ganin duk ƙasar Adar ba wanda ya kai ni sanin duniya.

A garin akwai ƙungiyar masu sauraren rediyo. Babban rediyo guda ne, yana shagon Malam Illa tela, kullum da la'asar a fito da shi gindin dogon yaro a kewaye shi. Batir kuwa, da muke ce wa pil, karo-karo ake yi ran kasuwa a saya. Da fari ina ba da nawa, har na sayi ɗan rediyona mai kama tashoshin waje. Daga nan na fara hura hanci. Na daina zuwa gindin dogon yaro, na daina ba da kuɗin pil, in na hango Malam Illa sai in sake hanya.

Ana nan sai ga wani ma'aikacin gidan rediyon ƙasa ya zo da na'urar ɗaukar magana rataye a kafaɗa. Ya ce yana zagaya ƙauyuka ne yana jin ra'ayin jama'a: wa ya kamata ya riƙa ɗaukar nauyin rediyon gwamnati? Wani dattijo ya ce ai suna biyan haraji, a cire a ciki. Malam Illa ya ce shi bai ƙi a sa wa duk mai rediyo ɗan abin da zai biya a shekara ba, in dai za a ƙara lokacin Hausa. Wani makiyayi ya ce a bar masu kai sanarwa su ci gaba da biya, shi dai kada a daina faɗa masa ranar allurar shanu. Duk magana ce ta hankali, a gajarce.

Sai aka miƙo mini abin magana (kuskuren da bawan Allahn nan ya yi ke nan). Na gyara murya, na yi kusan rabin sa'a ina zuba. Na ce ko dala ɗaya aka ba rediyon nan an yi asara, ba abin da ke ciki sai jawabin manya da kiɗan da kakanninmu suka gaji da shi. Na ce ni tuni na juya allurar rediyona zuwa tashoshin waje. Da na ga mutane sun yi tsit sai na ɗauka burge su nake yi, na ƙara wuta, na faɗa wa masu sanarwar rasuwa da ta biki. Ma'aikacin ya naɗe igiyarsa ya tafi. Ni kuwa na kwana ina jin kaina kamar minista.

To, a lokacin ina neman auren Rakiya, ɗiyar Alhaji Mamman mai fataucin albasa a Madawa. An yi gaisuwar iyaye, saura a sa rana, amma Alhaji bai gama sakin jiki da ni ba. Ya taɓa gaya wa kawuna cewa yaron ba shi da laifi, sai dai maganarsa ta fi shi tsawo. Wadda ta tsaya mini a gidan ita ce mahaifiyar Alhaji, Inna Hajo, tsohuwa tukuf mai son goro. Wasan jika da kaka muke yi, tana ce mini mijinta, ina ce mata amarya. In na shiga sai in tambaye ta me take jira har yanzu ba ta mutu ba, ta ce sai ta ci gadona tukuna.

Bayan kamar wata guda da zuwan mai na'ura, wata Alhamis na shirya zuwa Madawa. Na sa babbar riga fara, na zuba turare kamar za a sayar da ni, na ɗaure ƙwaryar goro a bayan mobilet. Ina fita gari na hango Malam Illa ya fito daga shago yana ɗaga mini hannu biyu, har da ɗan gudu. Na ce a raina, wannan mutum da kuɗin pil ɗinsa. Na murɗa mobilet na bar shi cikin ƙura.

Na iso ƙofar gidan Alhaji bayan azahar, na tarar an shimfiɗa tabarmi, maza sun cika rumfa. Mai hankali da ya tsaya ya duba fuskoki. Ni sai na ɗauka Alhaji ne ya dawo daga fatauci ake yi masa barka da zuwa. Na kafe mobilet, na yi sallama da fara'a har kunne, na ɗaga goron sama yadda kowa zai gani, na ce da ƙarfi don ta jiyo ni daga cikin gida, “Ina amaryata? A ce ta fito ta amshi goronta, ko dai ta mutu ne ba a gaya mini ba?”

Wani malami da ke jan tasbaha ya tsaya cak. Ƙanen Alhaji ya jawo gefen rigata, ya ce a hankali, “Mushe, zamna. Yau kwana ukku.”

Na zube a bakin tabarma, goron na kan cinyata, turarena ya cika rumfar. Gaskiya na ji zafin rasuwar tsohuwar nan har cikin raina, amma kunya ta hana ni ko kuka mai kyau. Can Alhaji ya dube ni ya ce, “Mun kai sanarwa rediyo tun ranar. Mutanen Keita sun ji, na Sabon Gida sun ji, har na Deule sun aiko gaisuwa.” Sai a lokacin na gane gudun da Malam Illa yake yi.

Da abin ya tsaya nan da na gode Allah. Ashe Alhaji ya biya a maimaita sanarwar ran uku, tare da godiya ga waɗanda suka zo. Da la'asar ƙanensa ya ɗauko rediyo ya kunna ƙasa-ƙasa, don a ji ko an faɗi sunayen dangi daidai. Lokacin sanarwa bai yi ba, shirin ra'ayin masu saurare ake yi. Na ji dattijon haraji, na ji makiyayi. Sai mai gabatarwa ya ce yanzu ga wani malamin lakwal daga Deule (mu biyu ne kacal a lakwal ɗin, ɗayan kuma yana da in'ina). Daga cikin rabin sa'ar da na yi ina surutu, ga abin da suka zaɓa, da muryata tangararan: “Duk wanda yake naka na gaskiya, ba sai rediyo ya gaya masa an yi maka rashi ba.”

Ba wanda ya dube ni, kuma wannan ya fi a dube ni ciwo. Na ga kafaɗun malamin tasbaha suna rawa. Ni dai na ƙura wa goro ido, ina lissafin yadda zan gaya wa kawuna cewa na kashe aurena da bakina, sau biyu a yini ɗaya.

Na koma Deule ban san ta inda na bi ba. Washegari na kai wa Malam Illa kuɗin pil, ya matsa mini wuri a kan benci. Na yi sati shida ina zama gindin dogon yaro ba fashi, ba labari daga Madawa. Rakiya ma ko saƙo.

Bayan sadakar arba'in kawuna ya je jin matsayinmu, ya dawo yana dariya tun daga ƙofar gida. Alhaji ya ce Inna Hajo ta bar wasiyya a ba mijinta Rakiya, shi kuwa ba zai saɓa wa uwarsa ba. Ya sa rana. Amma kuɗin sanarwar ɗaurin aure a rediyo ni zan biya, har sau uku. Sannan ya ƙara da cewa, “Shi angon a tura mutum takanas ya gaya mishi ranar, tun da ba ya jin rediyo.”

Shekaru sun tafi, har yau ban san hanyar da ta fi dacewa a biya kuɗin rediyon gwamnati ba, ko haraji, ko karo-karo, ko sanarwa. Na dai san abin da rashin jin sa ya kusa ci mini. In ana gardamar a gabana sai in ja bakina in yi shiru, Rakiya kuwa ta leƙo ta ce a tambayi Mushe, shi ne ya taɓa yin magana a rediyo.