Yadda Ake Buɗe Gada da Irin Dankali

Ni ne Wiebe, shugaban manoman dankali na ƙauyenmu a arewacin Holan. Ban yi boko ba, amma na ci albasar furanni a shekarar yunwa, ga ni daram. Bi matakan nan. In ƙasashe biyu ba su rusuna maka ba, zo ka tuɓe hular kaina.

1. Riƙe abin da suke nema.
Ƙasashe biyu maƙwabtan juna na yaƙi, lokacin shuka ya matso, iri na rumbunka. Ni har da ƙari: 'yata Aukje, ma'aikaciyar jinya, ta maƙale a hayin kogin da ya raba su, an rufe gadar.

2. Kira jakadunsu shan kofi.
Kada ka ce ciniki. Ka ce jinƙai, kana dafe ƙirji.

3. Biskit ɗaya, rufe gwangwani.
Yadda muka saba yi wa baƙo ke nan. Taimako ma haka yake: mota ɗaya ta iri, saura sai gada ta buɗu. Jakadan gabas ya sake miƙo hannu, na ce, "Ranka ya daɗe, an rufe."

4. Kada ka saurari matarka.
Grietje ta ce, "Tsoho, dankalin nan ya fara tsiro. 'Yarka ce a can fa! Ba su mana."
Na ce, "Ke, siyasar duniya ce."
"Siyasar duniya ko rowar gidanku?"

5. Bari su tsane ka tare.
A bakin ƙofa na ji na gabas yana cewa, "Ka taɓa ganin marowaci irin wannan?"
Na yamma ya ce, "Wallahi ko ku ba ku kai shi ba."
Suka tuntsure da dariya, yunwa ta kora su gidan abinci guda. Ashe ɗaya na da ragowar iri, ɗaya na da taki. Suka buɗe gadar don musaya, kada dai su sake shan kofina.

6. Karɓi yabo.
Aukje ta dawo. Ta buɗe gwangwanin ta cinye huɗu a gabana, na ƙara mata kofi. Gwani ya san lokacin sassauci.

Gargaɗi: In dankalinka ya ruɓe, manoma suka tsige ka, matarka ta riƙa ba da labarin a coci, babu ruwana. Ni ma duk sun same ni, kuma har yau ni na buɗe gadar.