Ɗige-ɗigen da Madam Ramatu ta goge

Abin ya yi wuya. Duk wanda ya ce maka kiɗan jita a gilashin salula wasa ne, bai taɓa gwadawa da yatsu irin nawa ba. Kuma har in koma ga Mahaliccina ba na jin zan manta da ranar da muka yi wa Baba Hamani ban kwana.

Ni shofer ne, mai tuƙa motar darakta, a wani biro, wato ofis, a unguwar Plateau ta Yamai, shekara ashirin da 'yan kai. Baba Hamani shi ne palantonmu, mai yawo da takardu daga ƙofa zuwa ƙofa. Shi Bazabarme, ni Bagobiri, don haka kullum cikin tsokanar juna muke. Yana da wata waƙa da yake yi a maƙoshi in yana jiran a sa wa takarda hannu. Ya taɓa gaya mini cewa wani mai molo ne ya kaɗa masa ita ranar da ya baro ƙauyensu zuwa Yamai, kuma tun daga ranar bai sake jin ta a kan tsirkiya ba.

Da aka ce zai ajiye aiki ƙarshen wata, raina ya ɓaci tun kafin ranar. Na san yadda ake yi. In babba zai tafi, jawabi har a gaji. In irinmu ne, kwalbar lemu da musafaha. Sai bakina ya riga hankalina. A gaban mutane na ce, "Baba, ranar nan ni zan kaɗa maka waƙarka da jita."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai Bagobiri, hon na mota ma ba ka iya busa shi daidai ba."

Na ce ya zuba ido. Na ƙara da cewa tun ina saurayi nake kiɗa (gurmin gwangwani ne, mai tsirkiya ɗaya, amma ban faɗi wannan ba).

Ba ni da jita. Wani mai gyaran salula a Babbar Kasuwa ya sa mini ta cikin waya: tsirkiya shida kwance a gilashi, ka taɓa ta yi ƙara. Akwai darasi a ciki, amma duk da Faransanci. Ni aji biyu na yi a lakwal, makarantar boko. Ina gane lambar mota da sunan unguwa, in an wuce nan sai in gyaɗa kai kawai. Shekarun nan duka haka nake gyaɗa kai a biro, ba wanda ya gane.

Sai na koya da kunne, a cikin mota, lokacin da nake jiran darakta ya fito daga taro. Ga abin da na gano, ko zai amfani wani. Kada ka riƙe wayar a hannu, kwantar da ita a gwiwa. Kada ka danna da ƙarfi kamar mai taka birki, gilashi ba ya son haka, shafa ake yi. In yatsunka sun yi kanta kamar nawa, kan yatsa ba zai kama ba, sai ka ɗan kwantar da shi gefe inda fata take da taushi. Kuma ka fara a hankali, sauti uku ka maimaita su har su zauna, sannan ka ƙara na huɗu.

Matsalar ita ce gilashi sumul yake. Ba tsirkiyar da za ka ji a hannu. Yau ka sami wurin, gobe ya ɓace. Sai na ɗauko blanko, farin ruwan nan da ake shafe kuskure a takarda, duk inda na sami sautin da ya dace in ɗiga ɗigo. Ɗigo tara. Mako uku ina bin su, har waƙar ta fito sarai. Rannan na kaɗa ta ni kaɗai a bakin otal ɗin Gaweye, sai da na share ido.

Ranar ta zo, bayan la'asar, a ɗakin taro. Darakta ya yi magana ta minti biyu. Baba Hamani yana zaune cikin babbar rigarsa ta salla, da matarsa a gefe. Aka ce shofer yana da abin da ya shirya.

Madam Ramatu, sakatarenmu, ta miƙo hannu don ta haɗa wayar da baful, wato lasifika, kowa ya ji. Mace ce mai kirki da son tsabta. Ta duba gilashin ta ce, "Haba Malam, tsuntsu ne ya yi maka kashi a waya?" Aka yi dariya. Ta ciro ƙyalle, ta zuba masa ruwan nan na wanke hannu, ta fara gogewa.

Ina tsaye ina kallo. Kalma ɗaya ta isa: bari. Amma in na ce bari, za ta ce don me, ni kuma sai in ce wannan dauɗar ita ce karatuna, ban iya karanta darasin ba. A gaban darakta. A gaban waɗanda shekara ashirin suke miƙo mini takarda suna cewa duba ka gani. Na bar ta tana gogewa. Har da farce ta kankare ɗigon ƙarshe, ta miƙo mini wayar tana murmushi. Na ce na gode (ka ji fa, har godiya na yi).

Na zauna, na kwantar da ita a gwiwa. Gilashi fes, tsirkiya shida, ban san kowa a cikinsu ba. Na taɓa inda nake zato. Baful ya saki wani kuka kamar an taka kyanwa. Na sake. Na uku ya yi daidai, na huɗu ya tafi wani gari. Gumi ya sauko yatsuna, wayar ta fara kaɗa abin da ban taɓa ba. Wani daga baya ya ce, "Wannan ta Gobir ce ko ta asibiti?" Dariyar ba ta yi nisa ba, kuma shirun da ya biyo ya fi ta ciwo.

Baba Hamani ya tashi. Na ɗauka zai tsokane ni, da ma hakan zai fi mini sauƙi. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ya isa, ɗan'uwa. Fofo." Na gode ke nan da Zabarmanci, kuma bai ce Bagobiri ba. Sannan ya juya ya yi waƙar da bakinsa, matarsa ta rufe fuska da mayafi. Ranar da ya kamata a yi masa, shi ya yi wa kansa. Ni kuwa ina zaune da waya mai tsabta a gwiwa.

Ba Madam ce ta ɓata abin ba. Na zaɓi tsakanin kunyata da alkawarin da na yi wa tsoho, na ajiye tsohon gefe. Kuma kunyar da na guda ta daƙiƙa ɗaya ce, na je na ɗauko ta minti biyar, da baful.

Washegari da safe, kafin in wanke mota, na ƙwanƙwasa ƙofar Madam Ramatu. Na ajiye wayar a teburinta na ce, "Madam, ban iya karatun Faransanci ba. Ban taɓa iyawa ba. Karanta mini darasi na farko."

Ta dube ni. Ba ta yi dariya ba. Ta gyara tabarau, ta karanta a zuciyarta, sai na ga ta ciji leɓe.

Na ce, "Me ya ce?"

Ta ce, "Ya ce kafin ka fara, ka goge gilashin sosai."

Na jawo kujera na zauna. Na ce ta ci gaba.